Yatsana Na Dangwala A Madadin Na Inna

Assalamu alaikum masu kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana. Kuma kafin ku zage ni ku daure ku kai ƙarshe, duk zagin da za ku yi na riga na yi wa kaina shi.

Ni 'yar Filinge ce, ina aikin haɗa fim a Yamai, abin da muke kira montaj. Ɗaki ɗaya nake haya, daga ni sai kwamfuta, ba miji, ba ƙawar kirki. Mahaifiyata ta rasu ina lakwal, wato makarantar boko, maƙwabciyarmu ce ta riƙe ni, Inna nake ce mata. Duk duniya ita kaɗai ke kirana don kawai ta ji ko na ci abinci.

Inna tana da ɗan fari da ya tafi cin rani arewa shekaru masu yawa, shiru har yau. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, kun san kunyar ɗan fari, "wancan" take ce masa. An taɓa zuwa yi mata gaisuwar mutuwa, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, sannan ta ce, "Gaisuwar wa kuke yi? Ni ban ga gawa ba. Shina nan tahe." Duk kaka sai ta ware masa damin gero guda a rumbu, ba mai taɓa shi.

Bara muka fara fim a kan samarin yankinmu na Kurfai da hamada ta haɗiye. Mai fim ɗin, patron muke ce masa, ya ce hotunan intanet ba su yi masa ba, fuskar ɗan gida yake so. Sharaɗinsa ɗaya: kowane hoto sai da takardar izini, mai shi ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Ni kuma da shegen son a yabe ni, na yi caraf na ce ina da irinsa.

Na hau mota na je gida. Inna ta ciro hoton daga ƙasan kwalla, naɗe cikin tsohon kallabi. Shi kaɗai ne hotonsa, yana tsaye a kasuwar Bonkuku riƙe da igiyar rago yana dariya. Ta miƙo mini tana kallon gefe, ta ce, "Ke ɗai na taɓa gwada ma shi, ɗiyata. Duba ki maido." Ta tashi dama mini fura. Wallahi takardar tana cikin jakata, niyyata in tambaye ta. To amma ta ina zan fara? In ce Inna, ba ni izini in jera shi cikin matattu? Na zaro waya na ɗauki hoton da ita, na mayar da shi cikin kallabin kafin ta dawo. Na shanye furar har na ce ta yi daɗi. A tasha na shafa tawadar biro a babban yatsana, na dangwala a ƙarƙashin sunanta.

A cikin fim ɗin hoton ya cika allo, ga cikakken sunansa a ƙasa, mai sharhi ya karanta shi da ƙarfi, ya ce Allah ya jiƙansa. Sunan da uwarsa ba ta taɓa furtawa ba! Ni na zaɓi wurin, ni na ƙara masa tsawon lokaci a allo saboda dariyar nan tana taɓa zuciya. Patron ya ce ban taɓa aiki mai kyau haka ba. Na koma ɗaki na zauna da waya a hannu, na rasa wanda zan kira. Mutum ɗaya gare ni, kuma ita ce ba zan iya gaya wa ba.

Na yi ta lallashin kaina cewa Turai za a kai fim ɗin, ina Inna ina Turai? Kwatsam patron ya ce a Filinge za a fara nuna shi, a filin lakwal, ranar kasuwa, nan da mako biyu. Har za a kira sunayen waɗanda suka ba da hotuna, su miƙe a tafa musu. Jiya Inna ta kira ni tana murna: "An ce sinimarki za a gwada garinmu! Na kai ma tela zane. Gaba zan zamna, kowa shi san ɗiyata ta yi shi." Na ce to Inna, muryata na rawa, ta ɗauka mura ce, ta ce in sha citta.

In na gaya wa patron, aikina ya ƙare, don takardar jabu ba wasa ba ce a wannan sana'a, ba mai sake ba ni hoto ko fim. Wannan da sauƙi. In na gaya wa Inna, na san ta, ba za ta zage ni ba. Shiru za ta yi, ta daina kira, ni kuma shirun nan nake tsoro. In kuma na kame bakina, za ta zauna a gaba da sabon zanenta, gari duka na bayanta, ta ji an yi wa ɗanta addu'ar mamaci, sannan a ce ta miƙe a tafa mata don wai ta yarda an sa hoton.

Kafin ta kashe waya ta ce bana gero ya yi kyau, damin wancan ya fi na kowa girma. Jama'a, saura kwana goma sha uku. Me zan yi?