Jan Biro a Gefen Shafi

Litinin, 3 ga Maris

Ɗakin karatu na kwalejin malamai ya ƙi karɓar littattafaina. Dalili: duk na yi rubutu a cikinsu. Mai kula da ɗakin, wata matashiya mai tabarau, guda uku kawai ta buɗe cikin kwalin da na kai, ta ga jan biro, ta ce dokarsu ba ta yarda ba. Cikin ladabi ta faɗa, ban ga laifinta ba. Na baro kwalin a can don haushi.

Ƙarshen wata za mu sauka daga benen nan saboda ciwon gwiwar Malam, maigidana. Sabon gidan kantar littattafai ɗaya zai ɗauka. Ni kuwa bango uku ne da ni, daga ƙasa har silin.

Laraba, 5 ga Maris

Malam ya ce, "Edita, tun yaushe nake gaya miki littafi ba labarin ɗan rahoto ba ne da za ki bi shi da jan biro?" Na ce wanda barci ke kwashewa a shafi na biyu ba shi da ta cewa. Ya ce shi ya sa nasa suke fes.

Gaskiya ban iya wani irin karatu ba sai wannan. A teburin labarai na koya: wa ya faɗa, yaushe, ina hujja. Da na yi ritaya na rasa wanda zan titsiye, sai marubuta. Kullum bayan karin kumallo nakan zauna da su har rana ta take. Babu littafi ɗaya a gidan nan da aka saya don ado. Wannan kam ina alfahari da shi.

Asabar, 8 ga Maris

Auta ta zo da mai sayen tsofaffin takardu, da sikelinsa, ba ta ko shawarce ni ba. "Mama, ai gara a rage da a bar wa gara." Mutumin ya ɗaga babban ƙamusuna yana jinjina nauyinsa kamar mai zaɓen kankana. Na ba shi ruwa ya sha, na raka shi ƙofa da kaina. Ban ɗaga murya ba. Auta ta ce da ma faɗan na yi, ya fi sauƙi.

Amma tana da gaskiya a abu ɗaya: in babu mai karɓa, a kan sikelin nan za su ƙare.

Lahadi, 9 ga Maris

Ban karanta komai ba yau.

Talata, 11 ga Maris

Yarinyar ɗakin karatu ta zo har gida. Ashe ta zauna ta duba littattafan kwalin. Ta ce akwai shafin da na rubuta "ba hujja", a ƙasansa kuma, da rubutun hannuna bayan na ƙara tsufa, "ya kawo ta a babi na gaba, na yi gaggawa". Ta ce haka take so ɗalibanta su iya karatu.

Shawararta: kanta ta musamman, a waje da waccan dokar, kuma a bar ɗalibai su ba ni amsa a gefen shafi da fensir. Na ce ba a taɓa yi ba. Ko Malam bai isa ya lanƙwasa min kusurwar shafi ba.

Ta ce, "Mama, su marubutan kin nemi izininsu?"

Malam ya yi dariya har da tari. Na ce zan yi tunani.

Juma'a, 14 ga Maris

An fara ɗaure kwalaye. Na ware abin da kanta ɗaya za ta ɗauka, ban ji zafin da na zata ba.

Da zan dawo daga kasuwa na biya na sayi fensira da abin fiƙa. Hanya ce ta bi ta wurin, ba wani abu ba. Littattafai masu faɗin gefe na sa a kwalin farko, tunda rubutun yaran yanzu manya-manya ne.

Yarinyar ɗakin karatu ta bugo waya da yamma. Shugaban kwalejin ya amince da baki. Kwamitinsu zai zauna ranar Alhamis, ba a tabbatar da komai ba tukuna.