Notin Kamiyon Baba Ya Saki

Zuwa ga Yaya Mamman a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina iyali? Yaya zaman baƙunta, yaya kuma ciwon ƙafar nan taka? Mu nan Matameye lafiya lau, alhamdu lillahi.

Wasiƙarka ta iso, wadda ka ce in sa a ja kamiyon marigayi Baba, babbar motar nan tasa, zuwa Damagaram wajen gyara, ko in sayar. Yaya, ka yi haƙuri, ban ja ba, kuma ba zan sayar ba. Da hannuna nake gyaran ta.

Notin da ke riƙe da babban faifan ƙarfe na bayan inji ne ya ƙi kwancewa. Kwana huɗu ina fama, in na murɗa sai faifan ya bi ni yana juyawa. Alhaji Idi mai kanti ya leƙo zaure ya ce, "Maƙerin fartanya, ina kai ina ƙarfen Nasara?"

Na tokare faifan da taɓaryar Inna, na jawo zugazugi da gawayi na gasa notin har ya yi ja. Sannan na zura bututu a hannun kile, wato sufana, na hau da ƙafa biyu. Ya yi ƙara, ya saki. Taɓaryar ta tsage, Inna na fushi har yau.

Ka sa ni a addu'a, ka gaida Yaya Hadiza da Malam Sani. Ranar da za ka dawo, ni zan ɗauko ka daga bakin iyaka a Ɗan Barto a cikinta, kuma ta ƙofar kantin Alhaji Idi za mu biyo, a hankali.

Ƙaninka,
Habu Maƙeri