Ƙarfen da Na Goge wa Tabo

Ya hasken idona, ya raɓar safiyata, ke da kika mai da ni bango a ɗakin gwajin da na yi shekara biyu ina kula miki da injin sanyi!

Kin tuna ranar da kika ja ni gaban allon kwamfuta, kika nuna mini 'yan ƙwayoyin maganaɗisu a cikin ƙarfen nan naki, wanda in ya sha sanyi lantarki ke ratsa shi ba turjiya? Sun jeru kamar saƙar zuma, kowacce tana ture 'yar'uwarta, amma babu mai barin wurinta. Kika yi dariya, kika ce kamar 'yan gidanku. Ni kuwa bakinki nake kallo, ban ji sauran bayanin ba.

Abin da ban ji ba shi ya kashe ni. Na ga ƙarfenki duk tabo, na ce wannan bai dace da ke ba. Na ɗauke shi a ɓoye, na gasa shi kwana uku har ya fito sumul. Ashe tabon nan su ne turakun da ke ɗaure ƙwayoyin! Da kika saki wutar lantarki sai suka sulale, ƙarfen ya ɗau zafi, aikinki na wata takwas ya bi ruwa. Garin neman gira na rasa ido.

Na yi laifi, ban musa ba. Amma sai da kika kai ni gaban Farfesa? Aka mayar da ni sito ina wanke kwalabe, kina wucewa ko sallama babu. A bakin mai shara nake jin ranar Litinin za ki bar wurin nan, wai kin gaya wa yayarki ba za ki iya zama da mutum mai aibu ba. Haba! Ke da kika rubuta shafi arba'in a kan amfanin tabo? Na ji ciwo, wallahi na ji ciwo.

Na haɗa sabon ƙarfe, yana cikin aljihun teburinki, naɗe a auduga. Ban goge masa komai ba. Ki sanyaya shi, ki saki wuta. In ya riƙe ƙwayoyin, ki zo sito ki faɗa mini da bakinki. In kuwa kika tafi ba ki gwada ba, to na san tun farko ba ƙarfen ne ya raba mu ba.

Naki, da duk tabonsa, wanda ya kafe inda kika bar shi har numfashinsa ya ƙare.