Wayar Marigayi Kuka Kira

Zuwa ga Shugaban Sashen Ido na asibitin da ke duba ni,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan an tashi lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka.

Kwana biyu da fitata takaba na hau mashin daga Dakko zuwa Bakura, na shiga mota na iso wurinku. A tagar kati na ji cewa an kira ni sau uku, ba a same ni ba, an cire sunana. Nan na gane wayar maigidana kuka yi ta kira, shi kuwa yana kabari.

Na ɗaya. Hawan jinin ido gare ni. Idon hagu ya riga ya mutu. Na dama kun yi masa aiki, bai kama ba. Likitanku da bakinsa ya ce akwai na'ura mai aiki da sauti, ba yanka, ana ɗora ta a kan ido ta rage hawan. Ya ce ba ta maido abin da ya tafi, amma tana iya tsare abin da ya saura. Ya rubuta sunana a layi.

Na biyu. Ranar yankan kati ba wanda ya tambaye ni lambata. Malam, maigidana, aka tambaya, ina tsaye kusa da shi. Ina da waya, ranka ya daɗe. Da ya rasu, ƙannensa suka kashe tasa, suka kulle ta a akwati da sauran kayan gado har ranar rabo. Haka ake yi a wajenmu, ba laifinsu ba ne.

Na uku. Sunan garinmu yana kan katin. Muna da ɗakin shan magani, muna da mai unguwa. Wata huɗu da kwana goma ina zaune ɗaki guda, babu mai sauƙin samu kamar ni. Ko ina takabar, da saƙo ya zo da na fito, addini bai hana ba.

Malam ne ke ɗiga mini magani safe da yamma. Yanzu ni ke laluba, rabi a kumatu yake ƙarewa. Ƙofa ma sai na juya kai gaba ɗaya nake ganin gefenta.

Ina roƙon a maido sunana inda yake, ba ƙarshen layi ba. Kuma a riƙa tambayar mace lambarta.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare maka ganinka, ya jiƙan magabatanka.

Har yau da nake wannan rubutu ba a maido sunan ba, kuma ba a canza lambar da ke kan katin ba.

Wassalam.
Hauwa'u, daga Dakko