Ƙofa Mai Lamba Bakwai

Harra ta Gabas, Madina
Rajab, 1419

Zuwa ga maiɗakina Rabi'a,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Jidda, da Inna, da dukkan mutanen Gumel. Idan kin tambayi lafiyata, sai godiya.

Ki sani ni Badamasi ne na rubuta wannan da hannuna. Na kammala ajin koyon rubutu, saboda haka daga yau na daina aiko miki da kaset. Idan kin ga kuskure kada ki gyara, alƙalamin ne ba shi da kyau.

Ga muhimmiyar magana. Hajiya Zaituna, mai benen da nake gadi, wadda kakanninta suka zo daga Kano a ƙasa, ta shimfiɗa sabon kafet mai kauri a shaƙƙa biyu, wato sassan 'yan haya, ta bakwai da ta takwas. Yanzu ƙofofinsu ba sa buɗuwa sai da kafaɗa. Ta ce idan na rage gindin ƙofofin da kaina, ta tabbatar ni mai gyara ne ba mai zaman bakin ƙofa kawai ba, za ta sa hannu a takardar zuwanki, ki riƙa taimaka mata a gida. Shekara huɗu ina jiran wannan kalma.

Injiniya Mu'azzam, mutumin Zariya da ke shaƙƙa ta bakwai, ya ara mini zarton lantarki. Faifai ne mai haƙora, yana juyawa da ƙara kamar injin markaɗe. Ya koya mini ƙa'idojinsa: a sa tabarau, a bar faifan ya ɗauki gudu kafin ya taɓa katako, a zare waya kafin hannu ya kusanci haƙoran. Ya kuma gargaɗe ni cewa gidajen nan wuta iri biyu gare su, ƙarama da babba, wannan zarto kuwa na ƙaramar ne. Na fahimta tun kafin ya gama bayani.

Abu ɗaya ya rage. Ɗakin da za mu zauna a saman bene labule ne a bakinsa. Magini ya gajarta bakin, ƙofar kasuwa ba ta shiga. Hajiya ta ce ba a ajiye mace bayan labule. Ina nazari a kai.

Ki gaida kowa da sunansa.
Mijinki, Badamasi Haladu.

Sha'aban, 1419

Zuwa ga maiɗakina Rabi'a,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya tarin Jidda? Allah Ya sawwaƙe.

Zan ba ki labarin aiki yadda ya gudana, ba ƙari ba ragi. Ni da Habu, direban Hajiya, mutumin Damagaram, mun kwance ƙofofin biyu, muka hau da su sama, muka kwantar da su a kan durom. Na cire mariƙansu, na auna yatsa biyu, na ja layi da fensir, na ɗaure miƙaƙƙen katako domin zarto ya bi gefensa. Habu ya ce da ganin tsayuwata an san na yi aiki a kamfani. Ban musa masa ba.

Na fara da ƙofar da na karanta takwas a jikinta. Yanka ya fita sumul, ko tsinke bai tashi ba. Har yau ban ga wanda ya kushe yankan ba.

Sai dai akwai matsala a lambobin Larabawa, wadda ya kamata hukuma ta duba. Bakwai ɗinsu kamar gwafa take, bakinta a sama. Takwas kuwa kamar jinkar ɗaki, bakinta a ƙasa. Idan aka juya ɗaya, ta zama ɗayar. Habu ya kwantar da ƙofofin duka biyu kansu yana fuskantata. Na duba, na ga bakwai ɗaya, takwas ɗaya, babu abin zargi. Da muka sauko da wadda na yanka, sai ta ƙi zama a shaƙƙa ta takwas. Da muka juya ta, sai ga bakwai. Ashe kan ƙofar Injiniya na yanke, da zartonsa.

Tunda gindin yana nan yana cin kafet, dole na rage shi shi ma. Yanzu akwai tazara a sama, sanyin na'urar sanyaya ɗaki yana fita, duk mai hawa matakala kuma yana jin hirar iyalinsa. Injiniya ya dubi tazarar, ya tambaye ni ko tagar kyauta ce. Matarsa ta toshe wurin da tawul.

Hajiya ta tafi Makka, ba ta gani ba tukuna. Kada ki ɗinka kayan tafiya sai kin ji daga gare ni. Abinci ba ya shiga mini sosai kwanakin nan.

Naki har kullum,
Badamasi Haladu.

Ramadan, 1419

Zuwa ga maiɗakina Rabi'a,

Barkanmu da shan ruwa. Wasiƙarki ta iso ta hannun masu Umara, na kuma karanta ta ni kaɗai. Na ga inda kika ce tun a makarantar allo aka koya muku cewa bakwai hannuwanta a sama suke, kamar mai addu'a. Wannan na san shi.

Hajiya ta dawo, ta tsaya gaban ƙofar Injiniya ta dubi tazarar. Ta kira ni ɗan Takari, ta ce kakanta ya ƙetare Sudan bai ɓata hanya ba, ni kuwa na ɓace tsakanin kan ƙofa da gindinta. Daga nan ta sa aka kawo mata kujera sama, ta ce in yanka ta takwas a gabanta. Kafin in jona waya, na rubuta SAMA da ƘASA a jikin katakon da manyan baƙaƙe. Na yanke gindin, ƙofar ta zauna, tana buɗuwa da ɗan yatsa.

Ta yi wa Injiniya odar sabuwa, ni kuma zan yi wa matakalar bene fenti tun daga ƙasa har sama a madadinta. Da na tambayi inda zan jefar da gajeriyar, sai ta nuna labulen ɗakinmu da sandarta. Muka gwada. Ta shiga kamar domin wurin aka yi ta. Habu ya ce sa'a ce. Ni dai na san hannun da ya yi yankan.

Ta sa hannu a takardarki ranar Alhamis. Ki ɗinka kayan, ki yi wa Jidda riga mai kauri, Madina tana sanyi.

Idan kin iso, kada ki ƙwanƙwasa bakwai ta farko, ta Injiniya ce. Ki ci gaba da hawa har sama. Tamu ce bakwai ta biyu, hannuwanta a sama.

Mijinki mai jiranki,
Badamasi Haladu.