Na kai ƙarar matar ƙanena coci, yanzu ana so in yi mata shaidar tuba

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Admin, ni ban yi boko ba, da murya na turo miki, ki rubuta yadda na faɗa kada ki gyara min magana, kuma ki ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni dattijuwa ce a wani ƙauye tsakanin Gwaram da Sara, mu Kirista ba mu da yawa a nan, coci ɗaya gare mu, ni ce kuma shugabar zumuntar mata. Ban iya karatu ba, amma abin da aka karanta min a Littafi Mai Tsarki ya zauna a kaina, kuma ba na ganin ɓarna in kau da kai, kowa ya san ni da wannan.

A bayan garinmu akwai wata tsohuwar tsamiya a gindin dutse, inda kakanninmu Maguzawa suke yanka tun kafin zuwan Turawa, iyayenmu da suka karɓi bishara suka bar ta. Shekara uku da suka wuce ɗan ƙanena ya kwanta ciwo, aka yi ta yawon magani ba sauƙi. Uwarsa, zan kira ta Ladi, ran kasuwar Gwaram da gari ya yi tsit na hango ta da rana tsaka ta nufi dutse da abu a lulluɓe cikin zani. Na bi ta. Jan zakara ne, a idona ta yanka shi a gindin tsamiyar tana kiran sunan yaron. Da ta juyo ta gan ni ta kama ƙafata, wai Yaya ki rufa min asiri. Na ce mata abin da Allah ya riga ya gani ni wace ce da zan rufe. Ran Lahadi na gaya wa fasto da dattawan coci.

Aka sa ta horo, zama a bencin baya, ba cin Jibin Ubangiji, gurasar nan mai tsarki da ake raba wa masu bi, sai ranar da ta tsaya gaban jama'a ta ce ta tuba. Ni da hannuna na shiga ɗakinta na karɓo zanin ankonmu na zumuntar mata. Yaron bai kai sati biyu ba ya rasu, da na je gaisuwa na ce mata to ga shi nan, ba zakara ba ɗa. Na san maganar ta yi zafi, amma gaskiya ce. Tun daga nan ba ta fasa zuwa coci ba, tana zama a baya ita kaɗai, ran Kirsimeti mata ba sa taɓa kwanonta, kuma ba ta taɓa miƙewa ta tuba ba.

Yanzu ita ce a kwance, likita ya ce ba sauran magani, a mayar da ita gida. A ƙa'idar cocinmu wanda ya mutu cikin horo, zumunta ba ta yi masa waƙa, fasto ba ya wa'azi a kan kabarinsa, danginsa kawai za su haƙa su rufe. Dattawa suka ce tunda ba ta iya tsayuwa, in ni da na kawo ƙarar na shaida ta tuba a gabana, za su ɗage horon. 'Yarta ta zo har tsakar gidana ta durƙusa, wai Gwaggo kalma ɗaya ce fa, wa zai sani.

Jiya da safe na je na zauna a bakin gadonta, na ce Ladi ki faɗa ko a kunnena ne. Ta ce Yesu ya san tana ƙaunarsa, amma ba za ta mutu da ƙarya a baki ba, da yaron zai dawo ya sake kwanciya, da ta sake kama zakara. Na tuna mata ni ma 'ya'ya uku na binne, ko ƙwai ban kai gindin tsamiya ba, duk roƙon da uwar mijina ta yi min. Sai ta ce ai ta sani, tana wurin lokacin da autata take shure-shure ni kuma ina zaune ina waƙar coci, wai in faɗa mata tsakanin ni da ita wace ce uwa. Na ce wadda ba za a rufe ta shiru kamar mushen akuya ba. Na ɗauki gyalena na fito.

Tun jiyan ban iya cin tuwo ba. An koya mana kada mu yi shaidar zur, an kuma koya mana jinƙai, ni ban san yadda ake riƙe su biyun a hannu ɗaya ba. In na ce ta tuba na yi ƙarya a ɗakin Allah, 'yan matan da nake tsawatarwa za su koyi cewa zuwa tsamiya ba komai ba ne, sannan ni a kan me na binne nawa? In na yi shiru za a kai ta rami ba waƙa, ƙanena kuwa dama ya daina amsa gaisuwata.

Dattawa za su zauna ran Asabar, ita kuma ban sani ba ko za ta kai. Ku da kuke karanta Littafin da idonku, ku gaya min me zan faɗa musu. Wanda bai taɓa binne ɗa ba kada ya zage ni, shawara na zo nema.