Hatimin da Ya Fito a Karkace

Okehampton, Devon

Zuwa ga Goggo Hazel,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ku lafiya, ke da Kawu Alec da yara a can Dunedin. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon ƙugun nan. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa. Mama tana nan da ƙarfinta, Tom kuma ya samu aiki a Exeter.

Kin tambayi jikin ƙaninki, Babanmu, tun da ɓarin damansa ya shanye. Da sauƙi, Goggo, magana ta dawo, yana takawa da sanda. Zuciyar ce ta daɗe ba ta miƙe ba. Kin san tun kuna yara yake hawa duwatsun Dartmoor neman akwatunan nan da ake ɓoyewa a ƙarƙashin dutse, ya buga hatimin ciki a littafinsa, ya rubuta rana da wuri da yanayin gari, sannan ya bar nasa hatimin mai hoton zomo a littafin akwatin. Da ya dawo daga asibiti sai ya ce in kwashe littattafan in kai ɗakin saman rufi, ba ya son ganinsu. Na ce masa akwai danshi a can, tawada za ta lalace. Na jera su a bayan kujerarsa, inda ba ya iya waiwayawa.

Abokan yawonsa, Wilf da Marjorie, duk akwatin da suka samu sai su buga masa hatimin a farin kati su kawo. Ya ƙi liƙa ko ɗaya, wai littafinsa ba ya karɓar abin da ƙafarsa ba ta taka ba. Wilf ya ce to ya ba shi hatimin zomon ya riƙa buga masa a can. Baba ya ce wato zomo na yawo a dawa, mai shi na zaune yana kurɓar shayi, ai ƙarya ke nan. Marjorie ta harare shi, ta ce tsoho sai taurin kai, ita har gwiwa ta nutse a laka saboda katin nan, in ba ya so ya jiƙa a shayin ya cinye. Ranar na fara jin dariyarsa tun da ya dawo daga asibiti. Mama ta zuba katunan a gwangwanin biskit. Bayan kwana biyu na tarar da shi yana jera su, amma ba bisa sunan wuri ba kamar littattafansa, bisa sunan wanda ya kawo. Yanzu duk mai kawowa sai ya zauna ya ba da labarin hanya, shi kuma ya rubuta a bayan katin da hannun hagu.

Makon jiya da kansa ya ce in miƙo masa littafin ƙarshe, wanda bai cika ba, in kuma raka shi garin Belstone, akwai wani akwati kusa da titi. Ya taka, ya huta, ya sake takawa, gumi duk ya jiƙa masa hula. Na miƙa hannu zan ciro masa akwatin, ya ce in janye, shi ba rakiya ya zo ba. Ya shafa wa hatimin ciki tawada, ya danna da hagun yana rawa. Hatimin ya fito a karkace, rabinsa ma bai kama ba. Na ce mu juya shafi ya sake. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce a bar shi, haka hannun yake yanzu, haka kuma zai zauna a littafin. Ya rubuta rana a ƙasa, ya ƙara da cewa akwai iska.

Likita bai yi mana alkawarin komai ba, ni ma ban sani ba ko zai ƙara ganin saman dutse. Da muka iso ƙofar gida ya dubi ƙafata, ya ce in sayi takalmin kirki kafin bazara, wannan ba zai kai mu ko'ina ba.

Ki gaishe mini da Kawu Alec, da Fiona da jaririnta, da Duncan. Mama da Baba suna gaishe ku. Allah ya bar mu tare.

'Yarki,
Bryony